Dakotar da ke cikin hoton Baba: ina take yanzu?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya muna kwashe kayan marigayi mahaifinmu daga tsohuwar adaka na ci karo da wani hoto baƙi da fari. Yana tsaye da babbar riga a filin jirgin Kano, a bayansa ga jirgi mai farfela biyu, hanci a sama, gindi a ƙasa kamar raƙumin da ke shirin miƙewa. A jikinsa ana ganin VR-N, sauran haruffa biyun kafaɗar wani mutum ta rufe su. Tun daren jiya abin ya tsaya mini a rai. Mutumin da ke cikin hoton mun san inda yake kwance, Allah ya jiƙansa. Shi jirgin fa? Akwai yadda za a gano ko yana nan a wata ƙasa, ko an daɗe da narkar da shi?

Ummu Sadiq:
Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata makwanci. Ka ɗora hoton mu gani mana.

Ɗan Fagge:
Amin Yaya, na gode. Ga shi nan.

Baba Makaniki:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya gafarta wa mahaifinka. Wannan Dakota ce, ko cikin barci aka tashe ni zan gane ta. A kan irinta na fara riƙe sifana. Amurkawa suna ce mata DC-3, ta sojojinsu kuma C-47, Turawan Ingila suka sa mata Dakota, mu ma a bakinsu muka ɗauka. Dubi tagoginta masu kusurwa huɗu, dubi ƙaramar tayar da ke ƙarƙashin jela. Kowane inji silinda goma sha huɗu ne a zagaye, layi biyu, kuma ɗigar mai ɗabi'arsa ce. Mu a rumfar gyara cewa muke, in ka ga ƙarƙashin Dakota a bushe, to duba tanki, man ne ya ƙare. In aka tayar da ita da asuba sai ta yi tari, ta fesa farin hayaƙi, sannan murya ta daidaita. Har yau in na rufe ido ina jin wannan ƙarar.

Malamin Zariya:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Ɗan Fagge, wannan aikin shi nake yi a lokacin hutuna shekara da shekaru, ina da littattafan rubutu cike da lambobi. Bari in faɗa maka abin da hotonka ya riga ya bayar.

VR-N ita ce alamar rajistar jiragen Najeriya a zamanin Turawa. Bayan samun 'yanci aka koma 5N, kamar yadda Nijar take da 5U, Ghana 9G, Kamaru TJ, Chadi TT, Sudan ST. Kamfanin da ke zirga-zirga a lokacin shi ne WAAC, wanda Najeriya da Ghana da Saliyo da Gambiya suka yi tarayya a kansa tun 1946, aka raba gari a 1958, Nigeria Airways ta gaji ɓangarenmu har da Dakotocin. Ke nan hoton nan na ƙarshen shekarun 1950 ne ko dab da 'yanci. Daga 1963 jiragen Fokker F27 suka fara karɓe musu aiki.

Amma ga inda mutane ke ɓata. Haruffan da aka rubuta a jiki lambar mota ce kawai. A sayar da jirgi wata ƙasa, a goge, a rubuta sabuwa. Jirgi ɗaya zai iya ɗaukar lamba goma kafin ya mutu, kuma ana iya ba wani jirgin tsohuwar lambar wani. Abin da ba ya canzawa shi ne lambar ƙira, kamar lambar shasi a mota, wadda masana'anta ta buga a wani ɗan faranti na ƙarfe ta kafe a jikin jirgin. Wanda ya riƙe wannan lambar ya riƙe igiyar. Da ita ake bin sawu daga rundunar sojan Amurka zuwa ta Ingila, zuwa wani kamfani a Turai, zuwa Kano, zuwa duk inda ƙaddara ta kai shi.

Ɗan Fagge:
Malam, to ni da ko lambar motar ban samu cikakkiya ba fa?

Malamin Zariya:
Kar ka karaya. Dakotocin da suka ɗauki VR-N ba su da yawa. Akwai ƙungiya a Ingila, Air-Britain, tun 1948 aikinsu ke nan, sun tattara tarihin jiragen nan ɗaya bayan ɗaya. Za mu jera waɗanda suka yi rajista a nan, mu dubi fasalin ƙofa, mu dubi eriyoyi da layin fenti. Ta soja ƙofarta babba ce mai ganye biyu don lodin kaya, ta fasinja ta asali ƙarama ce. Ka duba bayan hoton ko akwai hatimin mai hoto ko kwanan wata. Ka tambayi iyayenmu mata a gida ina za shi a wannan tafiyar. Sau da yawa tsohuwa ɗaya ta fi kundi goma.

Abu guda da zan gargaɗe ka a kai: ita kanta lambar ƙirar Dakota akwai tarko a cikinta. A lokacin yaƙi masana'antar Douglas ta garin Oklahoma ta ba wasu jirage lambobin da aka riga aka ba wasu, daga baya aka gyara. Shi ya sa za ka ga an rubuta wa jirgi ɗaya lamba biyu da ɗan layi a tsakani. Wanda bai san haka ba sai ya ɗauki tarihin wani ya jingina wa wani.

Ummu Sadiq:
Ni tambayata, wai har yanzu akwai masu tashi? Jirgin da ya girmi kakata?

Baba Makaniki:
Akwai su 'yata, kuma aiki suke yi, ba ado ba. Ranar 17 ga Disamba 1935 ta fara tashi. In aka haɗa da waɗanda Rasha da Japan suka ƙera da izini, sun haura 16,000. A Kolombiya, daga garin Villavicencio, ita ke kai shinkafa da babura da marasa lafiya ƙauyukan daji inda babu titi. A arewacin Kanada kamfanin Buffalo na Yellowknife yana lodin kaya da ita cikin ƙanƙara.

Sirrin tsawon ranta ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Jiragen zamani ana hura musu iska a ciki duk tashi, jikinsu ya kumbura ya saki, ya kumbura ya saki, har ƙarfe ya gaji ya fara tsagewa. Ita Dakota ba a hura ta, ƙasa-ƙasa take tafiya. In ka kare ta daga tsatsa, kana canza abin da ya ci, sai ta binne mai ita. Abin da ya kore ta daga wajenmu mai ne. Injinta fetur na musamman yake sha, shi kuwa ya yi wuya ya yi tsada a ƙasashenmu, kowa ya koma kananzir ɗin jirgi. Shi ya sa wani kamfani a Oshkosh ta Amurka, Basler, yake sayen tsofaffin, ya ƙara musu tsawo kamar mita ɗaya, ya ɗora musu injin zamani mai shan kananzir, su fito da suna BT-67. Sojojin Mali da na Muritaniya sun yi aiki da irinsu. Har ƙanƙarar Antatika su ke kai masu bincike.

Malamin Zariya:
Baba ya ambaci Oshkosh, sai ya tuna mini da labarin da ya sa na ƙara riƙe wannan aiki da daraja. A daren 6 ga Yuni 1944, jirage C-47 sama da 800 suka ɗauki sojojin laima kimanin 13,000 zuwa Normandi a Faransa. Wanda ya ja gaban babbar tawagar sunansa That's All, Brother, lambarsa ta soja 42-92847. Bayan yaƙi aka sayar da shi, ya yi ta sauya hannu, har wani mai shi ya yi masa fentin jiragen yaƙin Biyetnam, inda bai taɓa zuwa ba. Ƙarshe ya ƙare a filin Basler yana jiran layin a yanka shi a sake masa siffa. Babu wanda zai kalle shi ya gane. Wani masanin tarihi na rundunar sojan saman Amurka ne ya bi lambar nan cikin takardu har ta kai shi wurin. Ƙungiyar Commemorative Air Force ta tara kuɗi ta karɓe shi a 2015, ya sake tashi a Janairun 2018, a 2019 ya tsallaka teku ya koma Normandi. Lamba ce ta cece shi, ba fenti ba.

Haka Columbine II, jirgi ƙirar Constellation mai farfela huɗu na Shugaban Amurka Eisenhower, wanda aka fara kira Air Force One, sunan da ake kiran jirgin shugaban Amurka. Ya shekara da shekaru a yashe a Marana cikin saharar Arizona, kafin a gyara shi ya tashi zuwa Bajiniya a Maris 2016.

'Yar Gwammaja:
Ku yi haƙuri in shigo da abin da ba zai yi muku daɗi ba. Ina karanta ku tun ɗazu, kuna maganar tsofaffin jirage kamar ana maganar tsofaffin abokai. Ni a unguwarmu tsohon jirgi ya faɗo. Ranar Asabar 4 ga Mayu 2002, da rana tsaka. Jirgin fasinja BAC 1-11 na kamfanin EAS, ko minti nawa bai yi da tashi ba. Mutum sama da ɗari suka rasu, wasu suna cikin gidajensu, ba su sayi tikitin kowa ba. Ina yarinya a lokacin, amma warin nan bai bar hancina ba. Da gwamnati ta hana irin jirgin tashi, ta sa dokar hana shigo da jirgin da ya haura shekara 22, mu murna muka yi. Don haka in an narkar da su duka, ni dai ba zan yi kuka ba.

Baba Makaniki:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yata, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba ku haƙuri. Ina Kano ranar. Ba ni da bakin da zan ce miki kin yi kuskure. Mu da muka yi aikin nan mun fi kowa sanin cewa sakaci kaɗan rai yake ci.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Hajiya, ta'aziyya nake miki ko da an daɗe. Amma bari in ba ki labarin abin da ke ƙasarmu. Ranar 19 ga Satumba 1989 jirgin DC-10 na kamfanin UTA ya taso daga Brazabil, ya sauka Njamena, ya nufi Paris. Bam ya tarwatsa shi a saman Tenere. Mutum 170, babu wanda ya tsira. A 2007 iyalan mamatan suka dawo cikin rairayin nan tare da mutanen yankin. Suka jera baƙaƙen duwatsu suka yi babbar da'ira da siffar jirgin a tsakiya, suka zagaye ta da madubai 170 fasassu, kowane ɗaya mutum guda. Suka ɗauko fiffiken jirgin na gaske suka kafa shi a tsaye, da sunayen mamatan a jiki. Ko a hoton tauraron ɗan adam ana ganin wurin. Waɗanda suka fi kowa dalilin ƙin wannan ƙarfen su ne suka adana shi. A Gwammaja yau in yaro ya tambaya a ina abin ya faru, su wa suka rasu, me za a nuna masa?

'Yar Gwammaja:
Sai dai a nuna masa da baki. Wannan kam gaskiya ne, kuma yana damuna. Amma ajiye abu don tunawa daban, ɗaukar mutane a ciki daban. Shi nake magana a kai.

Ɗan Nima:
Ni ina bayan Hajiya a nan. A Suwizalan akwai jirgin Jamus Ju 52, ƙirar 1939, mai inji uku, yana ɗaukar masu yawon buɗe ido. Ranar 4 ga Agusta 2018 ya faɗi a dutsen Piz Segnas, mutum 20 suka mutu. Wata ɗaya kafin nan, wani tsohon jirgi ƙirar Convair ya faɗi kusa da Pretoria ana gwada shi kafin a kai shi gidan tarihi a Holan. A Kolombiyar da Baba ya ambata, Maris 2019, DC-3 ta kashe mutum 14. In Turawa da kuɗinsu da injiniyoyinsu abin yana kuɓuce musu, me ya sa ba za a ajiye su a ƙasa kowa ya huta ba?

Baba Makaniki:
Ɗana, na Suwizalan ɗin na bi rahotonsa. Masu bincike a kan matuƙan suka ɗora laifi: sun shiga ƙuntataccen kwari ƙasa-ƙasa, ba su bar wa kansu hanyar juyawa ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, da aka buɗe fukafukan an sami tsatsa da tsagewa waɗanda ya kamata a ce an gani tuntuni, ko da yake ba su suka kayar da shi ba. Wannan ya fi ba ni tsoro. Bayan haka ma Lufthansa ta daina ɗaukar mutane a nata Ju 52 ɗin. Matsayina shi ne: fasinja mai biyan kuɗi, a kiyaye shi da doka mai tsauri. Amma a bar ƙalilan suna tashi a hannun waɗanda suka iya. Jirgin da aka ajiye shekara ashirin ba a tayar ba, ba jirgin kaɗai ke mutuwa ba, hannun da ya san yadda ake saita injin shi ma tafiya yake. Mu nawa muka rage a Kano da za mu iya daidaita wutar injin Dakota? Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in akwai wanda ya san haɗin.

Ɗan Nima:
Na ji Baba, Allah ya ƙara girma. Ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba, amma na ji. Mu a Ankara ta Ghana ko ba komai an ceci guda: DC-10 na Ghana Airways, 9G-ANB, aka ja shi kusa da filin jirgi aka mayar da shi gidan abinci a 2013. Wasu sun ce wulaƙanci ne a ci jollof a cikin jirgin ƙasa guda. Ni kuwa na kai 'ya'yana, suka hau matakala, suka taɓa jikinsa.

Malamin Zariya:
Gidan abinci ya ceci jirage da yawa, ya kuma kashe da yawa. Wanda ya fi kusa da tarihinmu yana Sawo Tome. Ku buɗe Google Earth ku dubi gefen filin jirgin tsibirin, za ku ga Super Constellation guda biyu, kowanne da jela uku. Lambobinsu na Kanada ne, CF-NAL da CF-NAM. Ƙungiyar agaji ta Canairelief ce ta yi ta jigilar abinci da magani da su cikin dare zuwa Uli lokacin yaƙin basasa, inda aka mayar da titin mota filin sauka. Da yaƙi ya ƙare a Janairun 1970 aka bar su a nan. Daga baya aka yi gidan abinci da su. Ko wane ɓangare iyayen mutum suka tsaya a yaƙin, waɗannan biyun shaidu ne, kuma gishirin teku da ruwan sama suna cin su kullum.

Wani Super Constellation ɗin na wancan zamanin, an tsare shi a Malta a 1968 yana ɗauke da lambar Muritaniya ta bogi, 5T-TAF. Masu fasa-ƙwaurin makamai zuwa Biyafara haka suke yi, su ƙirƙiri lamba su shafa. Asalinsa na kamfanin TAP ne na Fotugal, kuma lambar ƙira ce ta tona hakan. Aka yi mashaya da shi, a 1997 aka cinna masa wuta ya ƙone. Constellation 856 aka ƙera duka-duka. Yau wanda ake dogaro da shi ya tashi shi ne na ƙungiyar HARS a Ostareliya.

Ɗan Fagge:
Malam, wallahi ban taɓa sanin wannan ba. To mu a nan gida me muka ajiye?

Malamin Zariya:
Tambayar da ke hana ni barci ke nan. A gidan tarihin yaƙi na Umuahia akwai jiragen yaƙi, MiG-17 da Il-28. Amma na fasinja da na kaya, waɗanda suka kai iyayenmu Makka, suka kawo wasiƙu da magani? Ka duba girman tarihin Kano kawai. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan Ingila suka sauka a filin sukuwa, su ne na farko a ƙasar nan. A 1936 Imperial Airways ta fara zuwa daga Khartum. A yaƙin duniya na biyu dubban jirage aka harhaɗa a Takoradi ta Ghana, suka bi ta Kano da Maiduguri da Fort Lamy (Njamena ta yanzu) da El Fasher zuwa Masar. Jiragen kamfanonin KLM da Sabena da BOAC duk a nan suke shan mai kafin su tsallaka sahara ko bayan sun tsallako. DC-10 na ƙarshe da aka ƙera a duniya, na 446, Nigeria Airways aka miƙa wa a 1989. Je ka nemi inda za ka kai ɗalibai su ga ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Dubi VC10, jirgin fasinja ƙirar Ingila. Guda 54 kawai aka yi. Namu, 5N-ABD, ya faɗi dab da Legas ranar 20 ga Nuwamba 1969 bayan ya tashi daga Kano, mutum 87 suka rasu. Wanda yake son ganin irinsa sai ya je Duxford ko Brooklands a Ingila. A Duxford ɗin akwai gangar jikin wani jirgin fasinja ƙirar Hermes, ita kaɗai ta rage a duniya. Ɗan'uwanta G-ALDN ne ya taso daga Tarabulus zai zo Kano a Mayun 1952, aka yi kuskuren saita na'urar nuna alƙibla, ya yi ta tafiya yamma cikin dare har mai ya ƙare, ya sauka a rairayin Muritaniya wajen Atar. Duk sun fita da rai, amma mataimakin matuƙi ya rasu kafin a fitar da su daga saharar. Labarin hanyar Kano ne, amma a gidan wasu ake ba da shi.

Abin takaicin, ƙasarmu ta fi tasu dacewa da ajiya. Amurka a Tucson take tara dubban jirage saboda busasshiyar iska. Mu Allah ya ba mu ita kyauta daga Katsina har Agadas. Rumfa kawai ake buƙata da mai gadi, da wanda zai toshe ƙofofin inji saboda ƙurar hunturu da tsuntsaye.

Ɗan Damagaram:
Mu ma haka Malam. Sojojinmu sun yi aiki da Dakota da Noratlas, mai jela biyu da ƙofa a baya. Yau in kana son ka ga Noratlas a sama sai ka je Marsai. Wata ƙungiya ce ke kula da guda ɗaya, mai lamba 105, kuma gwamnatin Faransa ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa a 2007, daidai da tsohon gini. Afirka ta Kudu ma sun yi ƙoƙari, DC-4 na ƙarshe da aka ƙera, ZS-BMH, na 1947, yana hannunsu.

Mai Gwangwan:
Salamu alaikum. Na daɗe a zauren nan ban taɓa magana ba, amma yau na ga ana zagaye-zagaye za a iso kanmu, gara in fito. Ni ɗan gwangwan ne, kuma da hannuna na yanka jirage. Lokacin da hukuma ta ce a kwashe matattun jirage daga filaye a 2013, an ce sun haura sittin a faɗin ƙasa. Ku je ku ga yadda muka same su. Tayoyi sun nutse a ƙasa, ciyawa ta fito ta cikin taga, macizai da jemagu, kujeru sun ruɓe. Shekara goma, sha biyar, babu wanda ya leƙa. Masu su wasu sun mutu, wasu suna kotu. Ranar da muka zo da injin yanka, ranar kowa ya tuna tarihi ne. Ni na biya kuɗi, na ɗauki yara ashirin aiki, alminiyam ɗin ya tafi wurin masu narkarwa, wani ya zama tukunya ana dafa wa marayu abinci a ciki. Ban ga laifina ba.

Malamin Zariya:
Alhaji, ba ka da laifi, kuma na ji daɗi da ka fito. Kai ne mutum na ƙarshe da ke ganin jirgi kafin ya bar duniya, ka fi mu duka amfani a wannan aikin. A littattafaina, layin da ya fi yawa shi ne "an gan shi a wuri kaza shekara kaza", daga nan shiru. Ba mu san ranar da aka yanka ba, ba mu san wanne aka yanka ba, domin fenti ya goge. Irin wannan shirun ne ke haifar da jita-jita. Ka tuna Boeing 727 mai lamba N844AA da aka tayar daga Luwanda ranar 25 ga Mayu 2003 ba da izini ba, ya nufi teku, FBI da CIA suka yi ta nema ba a gan shi ba. Shekaru ana cewa an gan shi can, an gan shi nan da sabon fenti. Duk wanda aka tuhuma, lambar ƙira ce ke wanke shi. Roƙona gare ka guda ne: kafin wuta ta taɓa jirgi, ka ɗauki hotonsa ta gefe biyu, ka ɗauki hoton farantin, ka rubuta wuri da rana.

Mai Gwangwan:
Wane faranti ke nan? Wani ɗan ƙarami kamar tafin hannu, mai rubutu a buge, a bakin ƙofar gaba?

Baba Makaniki:
Shi ne Alhaji! A Boeing yana saman bakin ƙofar gaba ta hagu. A Dakota kuma a bangon da ke bayan ɗakin matuƙa za ka same shi.

Mai Gwangwan:
Ikon Allah. Wannan ai ba ya shiga awo, ba alminiyam ba ne, ɓata narki yake yi, sai mu ɓalle mu jefar gefe. Akwai wani yarona mai son tara irin waɗannan abubuwa, yana zuba su a gwangwanin madara. Yanzu na kira shi, ya ce suna nan a shago, sun kai bakwai ko takwas, wasu na inji ne wasu na jiki. Ba na jin akwai na Dakota, jiragen da muka yanka duk masu injin zamani ne.

Malamin Zariya:
Alhaji ko na wane ne, ina so. Kowane faranti layi ɗaya ne da zan rufe a littafi. In yaron zai iya tuna wanne aka ciro a wane fili, ya faɗa a rubuta.

'Yar Gwammaja:
In akwai na BAC 1-11 a ciki, ku gaya mini. Ina so in gani da idona.

Ɗan Fagge:
Na juya bayan hoton kamar yadda Malam ya ce. Akwai rubutun ajami da fensir, ya dushe, ban iya karanta shi ba. Gobe in Allah ya kai mu zan kai wa Gwaggo, ita ta san hannun Baba, kuma ita ce ta raka shi filin jirgi a wasu tafiye-tafiyensa.

Baba Makaniki:
Ka ɗauki hoton rubutun tukuna kafin ya yi ta yawo a hannu, fensir ba ya son gumi. Kai kuma Alhaji, ka ce wa yaron kar ya kuskura ya sa sanfefa ko ya kankare da wuƙa don ya yi ƙyalli, lambar zai cinye. Tsumma da ɗan kananzir ya isa. Ya ajiye shi a rana ta gefe yadda inuwa za ta faɗa cikin rubutun, sannan ya ɗauka.

Mai Gwangwan:
An gama Baba. Bayan sallar la'asar zan biya shagon da kaina.